Sauraron Jini a Yatsun Hannu: Tambayoyi da Amsoshi kan Gwajin Dofla

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi fitowa daga bakin mutanen da likita ya tura a duba musu gudun jini a yatsu, da 'yan uwan da ke rako su, da kuma ɗaliban aikin lafiya da suka fara riƙe na'urar. An faro daga masu sauƙi zuwa masu zurfi, kuma inda wata amsa ta dogara da wata an nuna hakan.

Mene ne gwajin Dofla na yatsa, kuma me ya sa ake cewa ana sauraron jini?

Gwaji ne da ake yi da irin sautin da ake amfani da shi wajen sikanin mai juna biyu, sai dai a nan abin da ake nema shi ne motsin jini, ba hoton jariri ba. Ana ɗora bakin na'ura a gefen yatsa, ta aika sauti mai kaifin da kunne ba ya iya ji, sautin ya bugi jajayen ƙwayoyin jini da ke tafiya cikin jijiya, ya dawo. Da yake ƙwayoyin suna motsi, sautin da ya dawo yakan bambanta da wanda aka aika, kuma wannan bambancin ne na'urar ke fitarwa ta lasifika. Shi ya sa mara lafiya da kansa yakan ji wani "shuu, shuu" da ke tafiya daidai da bugun zuciyarsa.

Sunan ya samo asali ne daga Christian Doppler, masanin kimiyya ɗan ƙasar Ostiriya, wanda a 1842 ya bayyana yadda motsi ke sauya kaifin sauti ko launin haske. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titi jiniyar motar asibiti ta wuce shi ya san abin: tana tahowa sautin na da siriri, tana wucewa sai ya yi kauri. Shigeo Satomura na Jami'ar Osaka a Japan ne ya fara gwada wannan ƙa'ida a jikin ɗan Adam a shekarun 1950, sannan a shekarun 1960 Eugene Strandness da abokan aikinsa a birnin Siyatil na Amurka suka shigar da ita cikin binciken cututtukan jijiyoyin jini.

Ta yaya sautin da kunne ba ya ji yake komawa abin da likita ke saurara?

Kunnen mutum yana jin sautin da ke kaɗawa daga kimanin sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa. Na'urar hannu da ake duba yatsa da ita kuwa tana aika sauti mai kaɗawa sau miliyan 8 zuwa 10 a daƙiƙa, wanda ke ratsa tsoka da saurin kimanin mita 1,540 a daƙiƙa. Abin da ake ji ba shi ne wannan sautin ba, tazarar da ke tsakanin wanda ya tafi da wanda ya dawo ce. Idan jini na gudu da santimita 20 a daƙiƙa, aka riƙe na'ura mai miliyan 8 a karkace da digiri 60, tazarar takan kai kusan kaɗawa 1,040 a daƙiƙa, wanda ya faɗa daidai cikin abin da kunne ke kamawa. Jini ya ƙara sauri, sauti ya ƙara siririntaka. Jini ya lafa, sauti ya yi kauri.

Waɗanne jijiyoyi ne ake dubawa?

Jijiyoyin da ke kai jini daga zuciya, ba masu mayar da shi ba. Guda biyu ne manya ke shiga hannu: ta radiyal a ɓangaren babban yatsa, wadda ake taɓawa a wuyan hannu don ƙirga bugun zuciya, da ta alna a ɓangaren ƙaramin yatsa. A cikin tafin hannu sukan haɗu su yi baka biyu, na sama wanda alna ce ke ba shi yawancin jininsa, da na ƙasa wanda ya fi dogara da radiyal. Daga nan rassa ke fita, har kowane yatsa ya samu jijiya biyu, ɗaya a kowane gefe, waɗanda faɗinsu bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba.

Wannan tsari na bibbiyu yana da tasiri a kan fassarar gwajin. Jijiya ɗaya tana iya toshewa yatsa ya ci gaba da rayuwa lafiya da ɗayar, saboda haka dole a saurari gefe biyu na kowane yatsa. Kuma ba kowa ne bakansa ya haɗe sosai ba. Akwai mutanen da aka halitta da baka wanda bai cika ba, kuma su ne dalilin gwajin Allen da aka yi bayaninsa a gaba.

Wane ne ake tura wa wannan gwaji?

Mutumin da yatsunsa ke sanyi, suna sagewa ko sauya launi idan ya shiga sanyi. Wanda gyambo ya fito masa a kan yatsa ya ƙi warkewa. Mai wankin ƙoda da hannun da aka yi masa hanyar wanki ya fara ciwo. Wanda ya ji rauni a hannu ko aka ɗinke masa yatsan da ya guntule. Da wanda za a taɓa masa jijiyar radiyal don aikin zuciya. Ana kuma tura matasa masu shan sigari da yatsunsu suka fara ruɓewa, domin a bincika cutar da Leo Buerger ya bayyana a New York a 1908, wadda ke toshe ƙananan jijiyoyin hannu da ƙafa, kuma ba ta lafawa sai an bar taba gaba ɗaya.

Akwai zafi ko haɗari?

Babu allura, babu yanka, kuma babu irin hasken da ke cikin hoton ƙashi, saboda haka ana yi wa mai ciki da ƙaramin yaro. Abin da mutum zai ji shi ne sanyin man da ake shafawa da ɗan matsin robar awo. Ɓangaren da kan yi zafi shi ne gwajin ruwan sanyi, kuma ba a yin sa ga wanda ke da gyambo ko wanda aka riga aka san jijiyarsa a toshe take.

Me ya sa aka hana ni sigari, shayi da goro kafin in zo?

Domin jijiyoyin yatsa suna daga cikin mafi saurin tsukewa a jiki baki ɗaya. Sinadarin nikotin na taba yana matse su, haka ma sinadarin kafeyin da ke cikin kofi da shayi da goro yana iya taɓa su, sannan sanyi da fargaba suna yin irin wannan aiki nan take. Mutumin da ya sha iska a kan babur da sanyin safiya a lokacin hunturu, aka ɗora masa na'ura yana shigowa, sautin yatsunsa zai iya yin kama da na mara lafiya alhali lafiyarsa ƙalau.

Don haka ake zaunar da mutum na minti 15 zuwa 20 a ɗaki mai matsakaicin ɗumi, wajen digiri 22 zuwa 24, wani lokaci ma a ɗumama hannun da ruwa mai ɗumi. A ganina wannan zaman jiran ya fi kowane mataki na gwajin muhimmanci, kuma shi ne aka fi tsallakewa idan layi ya yi tsawo. Ya kamata kuma mutum ya faɗi duk maganin da yake sha, musamman na hawan jini da na ciwon ɓarin kai, tunda a cikinsu akwai masu buɗe jijiya akwai masu tsuke ta. Amma kada ya dakatar da ko ɗaya ba da izinin likita ba.

Yaya ake gudanar da gwajin?

Ana ajiye hannu a kan matashi, tafi yana kallon sama, a shafa mai, a fara sauraro daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, sannan bakan tafin hannu, sannan yatsu ɗaya bayan ɗaya daga gindi zuwa kai. Ana farawa daga sama ne saboda matsalar da ake gani a yatsa tana iya kasancewa tushenta na can ƙarƙashin ƙashin wuya. Ana kuma duba hannu biyu ko da ɗaya ne ke ciwo, domin lafiyayyen shi ne ma'aunin ɗan uwansa. Babbar na'urar sikanin, mai bakin da ke aika sauti mai kaɗawa miliyan 15 ko fiye, tana ƙara nuna hoton jijiyar kanta da launin da ke nuna inda jini ya dosa. Duka aikin yakan ɗauki rabin awa zuwa awa guda.

Me ake nufi da nazarin sautin, kuma mene ne zanen da ke fitowa a allo?

Jinin da ke cikin jijiya ba ya tafiya da sauri guda. Na tsakiya ya fi gudu, na kusa da bango yana jan jiki. Saboda haka sautin da ke dawowa cakuɗe ne na sautuka masu yawa. Kwamfutar na'urar tana rarraba shi da wani lissafi da ke ɗauke da sunan masanin Faransa Joseph Fourier, wanda aka samo hanyar yin sa cikin sauri a 1965, sai ta zana sakamakon: lokaci a kwance, saurin jini a tsaye, hasken kowane ɗigo kuma yana nuna yawan ƙwayoyin da ke tafiya da wannan saurin.

Amfanin zanen shi ne yana mayar da abin da kunne ya ji ya zama abin da za a iya aunawa, a ajiye, a kwatanta bayan wata shida. Ƙwararren kunne yana gane sauti mai rauni tun kafin a kalli allo, amma ƙwararru biyu suna iya saɓawa a kan abin da suka ji, kuma babu hanyar rubuta ji a takardar mara lafiya. Saɓani ya taɓa yawa hatta a sunayen da ake ba zanen, har sai da ƙungiyoyin masana jijiyoyin jini biyu na Amurka suka fitar da matsaya guda a kan kalmomin a 2020.

Yaya sautin lafiyayyen yatsa yake, yaya kuma na mai matsala?

Alamar lafiya ta farko ita ce tashi da sauri: zuciya na bugawa zanen ya haura tsaye, kunne ya ji sauti mai kaifi kamar karan bulala. Abin da ke biyo baya ya danganta da ɗumin hannun. A yatsa mai sanyi, inda ƙananan hanyoyi suka rufe, jinin yakan tsaya ko ya ɗan koma baya bayan kowane bugu, sai a ji sauti kashi biyu ko uku. A yatsa mai ɗumi kuwa, wasu ƙananan mahaɗai da ke fatar kan yatsa, waɗanda aikinsu fitar da zafin jiki ne, suna buɗewa, sai jini ya ci gaba da gudana har tsakanin bugu da bugu. Duka biyun lafiya ne, kuma wanda ya saba da jijiyoyin ƙafa kaɗai yakan ruɗe a nan.

Idan akwai ƙuntata kafin jini ya iso wurin da ake saurara, tashin yakan yi jinkiri, kan zanen ya yi ƙasa ya zama kamar tudu, sauti ya yi laushi. Daidai kan wurin da ya ƙuntata, jini yakan yi gudu fiye da kima, kamar ruwan tiyo da aka danne bakinsa, sai sauti ya yi siriri da gurnani. Kusa da inda ya toshe gaba ɗaya ana jin ɗan gajeren bugu kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa, bayansa kuma shiru. Shirun kansa yana buƙatar taka tsantsan, kamar yadda amsar da ta shafi kura-kuran gwajin ta nuna.

An ce ina da ciwon Raynaud. Me gwajin zai ƙara a kan abin da aka riga aka sani?

Maurice Raynaud ya bayyana wannan yanayi a Faris a 1862: yatsu su yi fari idan an shiga sanyi ko tashin hankali, su koma shuɗi, sannan su yi ja da zogi lokacin da jini ya dawo. Iri biyu ne. Akwai wanda ke zuwa shi kaɗai, galibi ga 'yan mata da mata masu ƙuruciya, yana kama hannu biyu daidai, ba ya kawo gyambo. Akwai kuma wanda alama ce ta wata cuta, kamar ciwon taurin fata da ake kira sikiloroderma, wanda fiye da kashi 90 cikin 100 na masu shi suna fama da wannan sauyin launi.

Babbar tambayar da Dofla ke amsawa a nan ita ce: jijiyar tsukewa take yi ta saki, ko kuwa ta lalace ta toshe? Ana sauraro a ɗumi, wani lokaci a sa hannu cikin ruwan sanyi a sake sauraro, sannan a ɗumama. Idan sautin ya dawo garau bayan ɗumi, jijiyar a buɗe take. Idan an ɗumama hannu sosai amma wani yatsa ya ci gaba da shiru ko laushin sauti, to akwai toshewa ta dindindin, kuma dole a nemi dalili ta gwajin jini da duba ƙananan jijiyoyin gindin farce da madubin ƙara girma. Wannan rarrabewa ce ke bambanta wanda safar hannu da kauce wa sanyi za su wadatar da shi, ko a ƙara masa magani irin su nifedifin, da wanda ke buƙatar bibiya ta shekaru.

Launin fata ko lalle yana shafar sakamakon?

A'a, kuma wannan babbar fa'ida ce a wajenmu. Yawancin bayanin ciwon Raynaud an rubuta shi ne daga farar fata, inda fari da shuɗi da ja ke fitowa ɓaro-ɓaro, alhali a baƙar fata sauyin yakan ɓuya sai an duba tafin yatsa ko ƙarƙashin farce. Ƙaramar na'urar da ake maƙala wa yatsa don auna iskar oksijin tana aiki ne da haske, shi ya sa jan farce da baƙin lalle kan iya rikita ta, kuma an nuna cewa takan fi yin kuskure a masu duhun fata. Sauti kuwa bai damu da launi ba. Abin da zai iya rage masa ƙarfi shi ne kanta mai kauri, irin ta manomi ko maƙeri, da kumburin yatsa.

Me lambobin da ke takardar sakamako ke nufi?

Lamba ta farko ita ce ma'aunin turjiya, wanda ake danganta wa Léandre Pourcelot na Faransa. Ana ɗaukar saurin jini mafi girma, a cire saurinsa na ƙarshen hutun zuciya, a raba da na farkon. Idan mafi girman 20 ne na ƙarshen 5, ma'aunin ya zama 0.75, idan jinin na tsayawa cak tsakanin bugu, ya zama 1. Ta biyu ita ce ma'aunin bugu na Raymond Gosling na Landan, wanda ke raba tazarar sama da ƙasa da matsakaicin sauri. Dukansu suna sauyawa da ɗumin hannu cikin 'yan mintuna, saboda haka lamba ɗaya ba tare da sanin yanayin ɗakin ba ba ta da nauyi sosai.

Wadda likitocin tiyata suka fi dogara da ita ita ce matsin jinin yatsa. Ana naɗa ƙaramar roba a gindin yatsa, a hura har sauti ya ɗauke, a sassauta a lura da inda ya dawo, sannan a raba da matsin damtse. Idan damtse 120 ne yatsa 60, sakamakon 0.5 ne. Ɗakunan gwaji da dama suna ɗaukar abin da ya gaza 0.7 a matsayin alamar matsala, ko da yake iyakar takan ɗan bambanta daga asibiti zuwa asibiti.

Ina wankin ƙoda, hannun da aka yi mini hanya yana sanyi da ciwo. Akwai alaƙa?

Akwai yiwuwar haka, kuma bai kamata a jira ba. Hanyar wanki, wadda Brescia da Cimino suka ɓullo da ita a 1966, haɗa jijiyar kai jini ce da ta mayarwa, don a samu jini mai yawa na shiga inji. A wasu mutane, musamman masu ciwon suga da tsofaffi, hanyar takan janye jinin da ya kamata ya sauka yatsu. Ana auna matsin yatsa hanyar na buɗe, sannan a danne ta na ɗan lokaci a sake aunawa. Idan sauti da matsi suka farfaɗo, an gano inda jinin ke zurarewa. Likitoci da yawa suna ɗaukar ma'aunin matsin yatsa da na damtse da ya gaza 0.6, idan ya haɗu da ciwo ko gyambo, a matsayin dalilin gyara hanyar. Yadda ake lissafin yana cikin amsar da ta gabata.

Mene ne gwajin Allen, kuma me Dofla ke ƙara masa?

Edgar Allen na asibitin Mayo a Amurka ne ya bayyana shi a 1929. A yadda ake yin sa yanzu, mutum zai dunƙule hannu, a danne radiyal da alna tare, ya buɗe tafi, a saki ɗaya a ga ko launi zai dawo cikin 'yan daƙiƙoƙi. Manufar ita ce a tabbatar alna za ta iya ciyar da hannu ita kaɗai kafin a cire radiyal don yi wa zuciya sabuwar hanya. Da yake gwajin ya dogara da ido, yana da raunin da aka ambata a amsar launin fata. Idan aka ɗora Dofla a kan babban yatsa ko bakan tafi aka danne radiyal, kunne zai ji kai tsaye ko jinin ya ci gaba ko ya ɗauke.

Sana'a tana iya lalata jijiyoyin yatsa?

Ƙwarai. Makanike ko kafinta da ya mayar da gefen tafinsa guduma yana matse jijiyar alna a kan wani ƙaramin ƙashi mai ƙugiya da ke wurin, har bangonta ya ji rauni, ta toshe ko ta yi ƙullutu mai watsa ƙananan gudajin jini zuwa yatsu na huɗu da na biyar. Masu riƙe injin fasa dutse ko na yankan katako kuma girgizar ce ke yi musu illa a hankali, abin da likita Alice Hamilton ta bincika a wajen masu sassaƙa dutse na jihar Indiyana a 1918. Wanda yatsun hannu ɗaya kaɗai ke damunsa ya gaya wa likita irin aikin da yake yi ko ba a tambaye shi ba.

A ina gwajin ke iya yin kuskure?

Jijiyar da faɗinta milimita ɗaya ne, danna ta kaɗan da bakin na'ura ya isa ya rufe ta, sai mai aikin ya rubuta toshewar da shi ne ya jawo ta. Idan kuma aka riƙe na'urar a miƙe, ta yi kusurwar digiri 90 da jijiya, babu tazarar sauti da za ta fito ko da jini na malala. Shi ya sa ake karkata ta, kuma ba a yarda da awon sauri idan kusurwar ta haura digiri 60. Jinin da ke tafiya a hankali ƙwarai yana iya ɓacewa cikin tacewar da na'ura ke yi wa hayaniya. A ɗaya ɓangaren, ana iya jin sauti a ƙaramin reshen da ya kewaye toshewa a ɗauka babbar jijiyar ce. A masu ciwon suga ko na ƙoda da suka daɗe, bangon jijiya yakan yi tauri har roba ta kasa matse shi, sai matsin ya fito sama da gaskiyarsa.

Akwai kuma abin da gwajin ba a yi shi dominsa ba. Ba ya ganin mafi ƙanƙantar hanyoyin jini na cikin fata, ba ya kuma gano sagewar da ta fito daga jijiyar laka. Kumburin hannu da ƙafa mai zafi da ke kama jarirai masu sikila ma daga cikin ɓargon ƙananan ƙasusuwa yake tasowa, don haka sautin jijiyar yatsa mai kyau ba ya kore shi.

Yaushe ne bai kamata a jira ranar gwaji ba?

Idan yatsa ko hannu ya yi sanyi farat ɗaya, da zafi mai tsanani, ya dushe ko ya yi baƙi, ya sage ko ya kasa motsi, kuma ɗumamawa ba ta dawo da shi ba, a tafi sashen gaggawa a wannan lokacin, domin tsokar da jini ya yanke mata awoyi kaɗan take jurewa. Haka nan idan an yi ɗorin karaya aka matse, yatsu suka kumbura suka yi sanyi, ko zobe ya kafe a yatsan da ya kumbura. A irin wannan hali ƙaramar na'urar Dofla ta aljihu ce likita zai fara ɗorawa a bakin gado, kuma idan ta yi shiru, mataki na gaba shi ne maganin hana daskarewar jini, hoton jijiya da ruwan rini, ko ɗakin tiyata, gwargwadon inda toshewar take da kuma awoyin da suka wuce tun fara ciwon.